Wai da gaske da hannu ake tuƙa jirgin ƙarƙashin ruwan nan Hunley?

ɗan_makaranta22:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin tarihi da masu sanin kan ƙarfe ina da tambaya, abin ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Na ci karo da hoton wani tsohon jirgin ƙarƙashin ruwa ne duk tsatsa ta cinye shi an ajiye shi cikin wani ƙaton tanki a Amurka, sunansa H. L. Hunley, wai shi ne na farko a duniya da ya taɓa nutsar da jirgin yaƙi, tun 1864 lokacin yaƙin basasar Amurka. Toh abin da ya ɗaure min kai ance babu inji a cikinsa ko kaɗan, mutane ne ke zaune suna juya farfela da hannu, kuma wai sau biyu yana nutsewa da mutane su mutu a ciro shi a wanke a sake zuba wasu, na ukun ma bai dawo ba.

Ta yaya abu marar inji zai nutse kuma ya taso da kansa? Iskar da suke shaƙa fa daga ina? Sannan wacce tafi damuna, me zai sa mutum da hankalinsa ya shiga abin da ya san ya kashe mutum goma sha uku kafin shi? Wanda ya sani ya taimaka ya warware min.

Mai_Walda:

Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya ne babu inji, kuma ba don basu so ba. Mutanen da suka yi shi su uku ne, 'yan ɓangaren Kudu da ya ɓalle daga gwamnati, Horace Hunley wanda shi ne mai kuɗin, sai James McClintock da Baxter Watson masu aikin ƙarfen, kuma wannan ne jirginsu na uku. Na farkon Pioneer a New Orleans suka ƙera shi, da sojojin gwamnati suka taso wa garin a 1862 da hannunsu suka nutsar da abinsu kada ya faɗa hannun abokan gaba, suka koma Mobile a jihar Alabama suka yi na biyu American Diver, a nan ne suka ɓata lokaci suna son sa masa inji mai aiki da batir bai yi ƙarfi ba, suka gwada na tururi shi ma ya ƙi, dama ta yaya zaka hura wuta cikin rufaffen ƙarfe a ƙarƙashin ruwa, ai wutar ce zata fara shanye iskar da mutane zasu shaƙa. Dole aka koma ƙarfin damtse. Shi ma na biyun ya nutse ana jan sa a bakin tekun Mobile amma ba wanda ya mutu. Sai na uku a 1863, shi ne Hunley.

Tsawonsa ƙafa 40 ne, kusan mita 12, amma kada tsawon ya ruɗe ka, cikin ne abin dubawa. Daga ƙasa zuwa rufi kamar ƙafa 4, faɗi kuma ƙafa 3 da rabi, kaga ba maganar miƙewa tsaye, ko zaman ma sai ka ranƙwafa. Mutum takwas ne a ciki, bakwai sun jeru kan wani siririn benci a gefen hagu kafaɗa na gogar kafaɗa, a gabansu akwai dogon ƙarfe mai lanƙwasa-lanƙwasa kowa da wurin kamawarsa, suna juya shi tare, shi kuma an haɗa shi da sarƙa zuwa farfelar baya. Na takwas shi ne kwamanda yana can gaba kansa cikin wani ɗan tulluwa mai ƙananan tagogin gilashi yana leƙe yana juya akalar jirgin. In sun dage iya dagewa gudun bai wuce kamar kilomita 7 a awa ba, wato ɗan sauri kaɗan fiye da tafiyar ƙafa, in igiyar ruwa ta juyo musu kuwa sai yadda ta yi da su.

Maganar nutsewa da tasowa kuma ba wani sihiri, nauyi ne kawai. Akwai tankin ruwa ɗaya a gaba ɗaya a baya, in ana son nutsewa a buɗe bawul ruwan teku ya shigo jirgi ya yi nauyi, in ana son tasowa a rufe a kama famfon hannu a fitar da ruwan. Sannan akwai wasu fukafukan ƙarfe biyu a gefe da kwamanda ke karkatawa da wani mariƙi, in jirgin na tafiya ya karkata su ƙasa sai hanci ya yi ƙasa. A ƙarƙashin cikin jirgin kuma daga waje an ɗaure wasu manyan tubalan ƙarfe da noti wanda ake kwancewa daga ciki, in abu ya ɓaci a kwance su su faɗi jirgi ya yi sama kamar gora. Tunanin yayi kyau a takarda. Amma ni da nake aikin ƙarfe inda na ga babban kuskure shi ne tankunan nan ba rufaffu bane ta sama, bangon da ya raba su da wurin zaman mutane bai kai rufi ba, kenan in aka manta bawul a buɗe tanki na cika sai ruwa ya tsallako kan mutane.

Iska kuwa, wadda aka rufe murfi da ita, ita ce jarinsu. An yi wasu bututu biyu da ake ɗagawa sama da ruwa amma basu taɓa yin aikin kirki ba. Kyandir suke kunnawa, da shi kwamanda ke duba kamfas da wani bututun gilashi mai zaiba da ke nuna zurfi, kuma shi ne mai gargaɗi, in harshen wutar ya fara ƙanƙancewa an san iska ta lalace. Ni na taɓa shiga cikin tankin ƙarfe yin gyara ta wata 'yar ƙofa da sai na miƙa hannuwa sama kafin kafaɗuna suka wuce, murfin a buɗe yake fa kuma ni kaɗai ne, amma kafin minti ashirin rigata ta jiƙe sharkaf, kaina ya fara sarawa, numfashina nake ji yana dawo min a kunne. Toh ka ƙiyasta mutum takwas, murfi a rufe, duhu, kowa na aikin ƙarfi. Ƙofofin Hunley biyu ne kacal kuma kowacce faɗinta bai kai ƙafa biyu ba, mutum ɗaya-ɗaya ke fita. Wlh duk sanda na tuna sai jikina yayi sanyi.

Baba_Malam:

Madalla da bayanin Mai_Walda, ya sauƙaƙa min aiki. Ɗana bari in ɗauki ɗaya tambayar taka, ta me ya sa suka shiga, don sai ka san halin da garin Charleston ke ciki kafin ka gane.

Jihohin Kudu goma sha ɗaya ne suka ɓalle daga Amurka, Carolina ta Kudu ce ta fara a Disamba 1860, kuma a bakin ruwan Charleston aka harba bindigar farko ta yaƙin a Afrilu 1861. Arzikin Kudu auduga ne, masana'antu kuwa suna Arewa. Sai Shugaba Lincoln ya sa jiragen yaƙi suka yi wa tashoshin ruwan Kudu ƙawanya, auduga ba ta fita Ingila, makamai da magani basa shigowa sai ta hanyar jiragen da ke satar hanya da dare. Kudu ba ta da rundunar ruwan da zata kara da su gaba da gaba, shi ya sa duk wanda ya zo da wata dabara ana saurarensa. A watan Agusta 1863 aka ɗora Hunley a jirgin ƙasa daga Mobile zuwa Charleston, a watan ne kuma aka fara yi wa garin ruwan harsasan igwa.

Nutsewar farko ranar 29 ga Agusta ce, ko fita yaƙi ba a yi ba, a gefen mashigi ne kuma ƙofofi a buɗe. Wani daga cikin waɗanda suka tsira mai suna Charles Hasker ya ce kwamandansu Laftanar John Payne ne ya taka mariƙin fukafukan nan bisa kuskure, jirgin ya dulmiya ruwa ya kwararo ta ƙofa. Mutum biyar suka mutu. Shi Hasker murfin ya danne masa ƙafa jirgin ya tafi da shi har ƙasa kafin ya samu ya zare ya taso.

Aka ciro shi. Sai Horace Hunley da kansa ya ce laifin masu tuƙi ne ba na jirgi ba, ya kawo mutanen Mobile da suka san shi. Ranar 15 ga Oktoba suka fita gwaji, zasu nutse su wuce ta ƙarƙashin wani jirgin nasu mai suna Indian Chief, mutane na kallo suka nutse, shiru shiru basu taso ba. Sai bayan sati uku aka ɗago shi, hancinsa ya cake cikin laka, bawul ɗin gaba a buɗe, daidai abin da Mai_Walda ya faɗa. An samu gawar Horace Hunley a ƙarƙashin ƙofar gaba da kyandir a hannunsa, notunan tubalan ƙarfen nan an fara kwance su amma ba a ƙarasa ba. Duka takwas ɗin sun mutu. Janar Beauregard mai tsaron garin ya ga gawarwakin da idonsa, ya ce abin nan ya fi haɗari ga masu amfani da shi fiye da abokan gaba, ya hana a sake taɓa shi.

Wanda ya dame shi har ya sauko shi ne Laftanar George Dixon, sojan ƙasa ne daga Alabama amma kafin yaƙi injiniyan jirgin tururi ne, kuma yana cikin waɗanda suka san jirgin tun a Mobile. Abin mamakin, a cikin jirgin Indian Chief ɗin nan ya je neman masu sa kai, wato mutanen da aka nutse a gabansu, an faɗa musu komai ba a ɓoye ba, kuma aka samu. Akwai maganar kuɗi, don wani kamfanin 'yan kasuwar garin ya sa ladan dala 100,000 ga duk wanda ya nutsar da babban jirgin Arewa mai sulke New Ironsides. Amma ni a ganina kuɗi kaɗai ba zai sa mutum ya shiga wannan ramin ba. Sun yarda da Dixon, sun yarda cewa sau biyun nan kuskuren hannu ne wanda za a iya kiyayewa, kuma soja a garin da ake harbi kullum dama mutuwa na kewaye da shi ko ya shiga ko bai shiga ba.

Dixon bai yi gaggawa ba, wata da watanni yana horar da su. Abokin aikinsa William Alexander, wanda aka mayar Mobile 'yan kwanaki kafin harin shi ya sa ya rayu har ya ba da labari, ya ce wata rana suka yi shawarar su gwada iya daɗewarsu. Suka sauka ƙasan ruwa suka zauna, da sharaɗin duk wanda ya kasa ya ce a tashi. Minti 25 kyandir ya mutu. Suka ci gaba da zama cikin duhu ba mai son ya zama shi ne ya fara karaya, sai can duk suka faɗa a tare. Da aka kama famfo na baya ya ƙi ja, ciyawar teku ta toshe shi, Alexander ya kwance shi da lalube cikin duhu ya cire ta. Awa 2 da minti 35 suka yi, har sojan da ke gadi a bakin ruwa ya riga ya kai rahoto cewa sun mutu.

An kuma canja makamin. Da can nakiya suke ja da igiya a baya, su wuce ta ƙarƙashin jirgi ita kuma ta bugi cikinsa, sai aka ga igiyar ruwa na iya turo ta kansu. Sai aka kafa wani dogon sandan ƙarfe kamar ƙafa 16 a hancin jirgin, a bakinsa tulun jan ƙarfe mai albarushi kilo 61.

Daren 17 ga Fabrairu 1864 ga farin wata ga teku a kwance ga sanyi, suka fito daga tsibirin Sullivan suka nufi USS Housatonic, ɗaya daga cikin jiragen ƙawanyar, mai nauyin tan 1,240 da ke tsaye kamar mil 4 daga gaɓa. Wajen ƙarfe tara saura kwata masu gadi suka hango wani abu kamar gungumen itace yana tahowa, amma ba yadda ruwa ke tafiya ba. Kafin a gane ya matso sosai har igwa ba ta iya sunkuyawa ta same shi, sai bindigogin hannu, kyaftin ɗin Charles Pickering ma ya harba tasa. Suka saki sarƙar anga suka ba inji baya amma ina, ya riga ya iso ta gefen dama can baya. Cikin kamar minti biyar Housatonic ya zauna a ƙasa. Mutum biyar suka mutu, sauran kusan 150 suka tsira saboda wurin ba zurfi, ƙafa 27 ne, dogayen sandunan jirgin na waje suka ɗare kansu har aka zo aka kwashe su. Hunley kuwa ba a sake ganinsa ba sai bayan shekara 131.

Ummu_Safiyya:

Baba Allah ya ƙara ilimi, na ƙaru sosai. Amma da izininka akwai abin da ba zan iya wucewa ban faɗa ba, don kada ƙaninmu ya tashi da tunanin waɗannan wasu gwaraza ne masu kare garinsu kawai. Audugar nan da ake son fitarwa wa ke noma ta? Bayi ne, kusan mutum miliyan 4 a ƙidayar 1860, kuma a ita Carolina ta Kudu bayin sun fi 'ya'ya yawa. Charleston ɗin nan ta nan aka shigo da kaso mai yawa na 'yan Afirka da aka kai ƙasar a ɗaure. Takardar da jihar ta fitar tana bayyana dalilin ɓallewarta maganar bauta ce a cikinta ƙarara, ba wani ɓoye-ɓoye. Kenan da Hunley ya yi nasarar karya ƙawanyar nan, mutanen da ke cikin ƙangi ne zasu ƙara daɗewa a ciki.

Kuma abin da yake taɓa ni, cikin masu gadin Housatonic da suka fara hango shi akwai wani baƙar fata mai suna Robert Flemming, ya faɗa wa hafsan da ke kusa aka ce masa gungume ne, ya ce wannan ba gungume bane. Ya tsira, yana cikin waɗanda suka rataye a sama cikin sanyin nan, har ya ba da shaida gaban kwamitin bincike. Ni in ana labarin daren nan shi nake fara tunawa. Ina tausayin mutum takwas da suka mutu cikin ƙarfe, rai rai ne, amma ban yi baƙin cikin faɗuwar abin da suke wa yaƙi ba.

Baba_Malam:

Gaskiyarki 'yata, ban musa ko ɗaya ba, kuma gara da kika faɗa. Ƙarfin hali daban, gaskiyar abin da ake wa ƙarfin halin daban. Kuma ƙawanyar ba ta karye ba, jirgi ɗaya aka rasa cikin masu yawa, abin da ya ƙaru kawai tsoro ne da tsaro, jirage suka riƙa kewaye kansu da raga da ƙananan kwale-kwale na sintiri. Shekara guda cif bayan harin, Fabrairu 1865, sojojin Kudu suka fice daga Charleston, kuma cikin rundunonin da suka fara shiga garin akwai na baƙaƙen fata.

ɗan_makaranta22:

Kai jama'a na gode wlh, Anti maganarki ta shige ni don ni ban ma haɗa abin da bauta ba sam. Amma Baba ka bar ni a rataye, me ya kashe su a karo na ukun? Tunda an ciro jirgin ai an ga abin da ke ciki ko?

likitan_gobe:

Ɗan'uwa bari in shigo nan don ɓangaren da na fi bibiya kenan. A 1995 masu nutso na wata ƙungiya mai neman jiragen da suka nutse, NUMA, suka gano shi binne cikin laka, kwance a gefensa na dama, tazararsa da inda Housatonic ya nutse kamar mita 300 ne kuma ta ɓangaren teku ba ta ɓangaren gida ba. Ranar 8 ga Agusta 2000 aka ɗago shi aka kai wata cibiya a North Charleston, tankin da ka gani a hoto kenan, ana jiƙa shi da sinadari ne don a zare gishirin da ya shige ƙarfen, in aka bar shi a iska haka nan zai ruɓe ya zube.

Da aka buɗe shi cike yake da laka, aka riƙa kwashe ta a hankali. Kowa ya ɗauka za a samu ƙasusuwa sun taru a ƙarƙashin ƙofofi kamar yadda aka gani a nutsewa ta biyu, mutane na turereniyar fita. Sai aka samu kowa a mazauninsa, Dixon a gaba, sauran a jere inda suke juya ƙarfe. Tubalan ƙarfen ƙasa ba wanda ya taɓa notinsu, famfo ba a saita shi don fitar da ruwa daga wurin zama ba, ƙasusuwan kuma babu karaya. Wato mutanen nan basu yi yunƙurin tsira ba ko kaɗan.

A 2013 masu gyaran suka ga ragowar jan ƙarfen nakiyar manne a bakin sandan, ya yage ya nannaɗe baya. Wannan ya rushe tsohon zancen cewa sun soka nakiyar ne suka ja da baya nesa sannan suka ja igiya. A'a, tana jikin sandan ta fashe, ƙasa da mita 5 daga hancin jirgin. A kan haka wata mai bincike a Jami'ar Duke, Rachel Lance, ta ƙera ƙaramin samfurin jirgin ta yi ta fasa albarushi kusa da shi cikin ruwa tana aunawa, a 2017 ta fitar da cewa ƙarfin fashewar ya ratsa bangon ƙarfen ya bugi huhunsu da ƙwaƙwalwa. A likitance abin ya zauna, don irin wannan bugun yana wuce ƙashi da tsoka bai yi musu komai ba, sai ya isa inda iska da jini suke maƙwabtaka wato huhu, nan yake yayyaga ƙananan jijiyoyi jini ya cika wurin, mutum ya mutu a zaune ba ko ƙwarzane a jikinsa. Ni wannan bayanin ya fi kwanta min a rai.

Amma masu bincike na rundunar ruwan Amurka sun yi nasu lissafin sun ce bugun da ya shiga ciki bai kai na kisa ba. Wasu kuma na ganin sun sauka ƙasa ne da gangan su jira jiragen ceto su watse igiyar ruwa ta juyo ta taimaka musu komawa gida, sai iska ta ƙare musu a hankali, kuma wannan ma yana kashe mutum a zaune, barci ne ke ɗaukarsa. Masu wannan ra'ayin suna kafa hujja da shaidar Flemming ɗin da Anti ta ambata, don ya ce yana rataye ya hango wata shuɗiyar wuta a kan ruwa bayan fashewar, kuma kwamandan sansanin tsibirin Sullivan ma ya rubuta cewa an ga alamar da aka yi alkawari da su. In wutar tasu ce, toh sun rayu bayan fashewar.

Wani abu kuma da aka samu, an daɗe ana labarin wai Dixon na da tsabar zinare ta dala 20 da ta tare masa harsashi a yaƙin Shiloh, mutane da yawa sun ɗauka tatsuniya ce. A 2001 aka same ta kusa da ƙashin ƙugunsa, a lanƙwashe, an zana mata Shiloh da ranar 6 ga Afrilu 1862 da haruffan sunansa, kuma ƙashin cinyarsa na hagu na ɗauke da tabon tsohon rauni. Binciken haƙoransu ma ya nuna huɗu cikin takwas ɗin a Turai aka haife su.

Mai_Walda:

Likita na ji bayaninka amma ni notunan nan ne suka tsaya min. Mutanen da suka taɓa yin awa biyu da rabi a ƙasa sun san yadda jiki ke yi in iska ta fara ƙarewa, ba baƙin abin bane a wurinsu, ciwon kai da haki suna zuwa tun kafin barci. Da ace jira suke, cikin mutum takwas ko ɗaya ba zai miƙa hannu ga noti ko famfo ba? Na Oktoba ai sun gwada kwancewa duk da ruwa na zubo musu. Shi ya sa nake tare da kai, abin da ya same su farat ɗaya ya same su. Wutar da aka gani kuwa, a daren da jirgi ya nutse ana ta kiran ceto kwale-kwale na ta kai-komo da fitilu, wuta ba zata yi wuyar gani a kan ruwa ba.

Kuma ƙanena ka lura, bayan wannan sai da aka yi shekara 50 kafin wani jirgin ƙarƙashin ruwa ya sake nutsar da jirgin yaƙi, ranar 5 ga Satumba 1914 da U-21 na Jamus ya harbi HMS Pathfinder na Birtaniya. Abubuwa biyun da Hunley ya rasa su aka jira, inji da batir da zasu maye gurbin damtse, irin wanda John Holland ya haɗa a jirgin da rundunar ruwan Amurka ta saya a 1900, da kuma nakiya mai tafiya da kanta ta Robert Whitehead wadda zaka harba daga nesa ba sai ka kai ta da hancinka ba.

Ummu_Safiyya:

Baba wata tambaya dan Allah, su takwas ɗin an binne su kuwa bayan an gama bincike? Kuma biyar ɗin Housatonic an san ko su wane ne, don kullum lamba kawai nake gani.

Baba_Malam:

An binne su 'yata, ranar 17 ga Afrilu 2004 a maƙabartar Magnolia ta Charleston, dubban mutane suka raka su, kusa da Horace Hunley da mutanensa. Biyar ɗin farko ma da aka rasa kabarinsu an gano su a 1999 a ƙarƙashin wani filin wasa da aka gina kan tsohuwar maƙabartar matuƙan ruwa, aka dawo da su wurin, yanzu duka 21 suna waje ɗaya.

Na Housatonic kuwa sunayensu na cikin rahoton da aka aika wa rundunar ruwa bayan harin. Edward Hazeltine ƙaramin hafsa ne, Charles Muzzey shi ne magatakardan kyaftin, sai John Williams, da Theodore Parker, da John Walsh wanda aikinsa zuba wa inji kwal.